Ɗakin Hutawa na Mbak Las

Yayata Lasmini, wadda muke kira Mbak Las, ba ta cin abinci a zaune sai in an yi baƙi. Tun muna yara a unguwarmu ta bayan tashar jiragen ruwa a Semarang haka take: kwanon shinkafa a hannun hagu, tana tsaye, idonta a kan wani abu da bai zauna mata daidai ba. Mahaifiyarmu bandar kifi take yi. Ɗaki ɗaya da rumfa muke cushe a ciki, komai namu yana warin hayaƙin ɓawon kwakwa, har littattafan makaranta. In ta ce wa Las ta nemi wuri ta zauna, sai Las ta ce ai kifi ma ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne. Ita kuma ta ce to ga kifin can a kan wuta, ta je ta tambaye shi inda yawo ya kai shi.

A wannan ɗakin Las ta fara sauya wa kaya wuri. Sai mu fita wasa mu dawo mu tarar gado ya koma inda akwatin kaya yake, akwatin ya hau kan buhun gawayi, ƙusar da muke rataya kayan makaranta ta yi ƙaura zuwa bayan ƙofa. Wata rana babanmu ya dawo daga kamun kifi a gajiye, ya saki jiki zai zauna inda kujerarsa ta saba zama, sai ga shi a ƙasa. Ta sha duka ranar, amma kafin hawayenta su bushe ta ce ai kowa ya ga iska ta fi shigowa yanzu.

Ta auri Mas Darmaji, direban babbar mota mai ɗaukar kaya daga tashar zuwa Surabaya, mutum mai sanyi kamar ruwan randa, wanda ba abin da yake so a duniya kamar tsuntsaye masu waƙa. A gidan mahaifiyarsa suka zauna, ba nisa da namu. Tsohuwar, Mbah Kasmirah, ba ta yar da komai. A falonta akwai kalandun shekarun da suka wuce, don hotunansu na da kyau, da agogon bango biyu da ba su taɓa jituwa ba, da furannin roba, kejin tsuntsayen ɗanta suna reto a sama. Ga kuma wani ƙaton kabad na katakon jati da ta zo da shi gidan aure, cike da tangaran da ba a taɓa cin abinci a ciki ba. Las ta yi shekaru tana zagaya kabad ɗin nan kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ƙarti ma da ƙyar suke motsa shi, balle ita.

Da 'yarsu Ninik ta shiga firamare, Las ta bi sahun matan unguwa ta tafi aikatau Taiwan. Aka haɗa ta da wata tsohuwar malamar makaranta da ƙafafunta suka daina aiki, a can saman wani dogon bene. Sauran mata in sun bugo waya, labarin sanyi da kewar yara suke yi. Las labarin wani ɗaki take ba ni. Ta ce ba komai a cikinsa sai tabarma da ɗan guntun teburi da tulu mai reshe ɗaya tal, taga kuma tana kallon dutse. Tsohuwar takan sa a kai ta can bayan azahar, ta zauna shiru har rana ta yi sanyi.

"Dik Rum, ƙanwata," ta ce da ni, "in na shiga ɗakin nan sai in ji kamar an sauke mini kaya daga ka."

Na tambaye ta ko ita ma tana zama a ciki. Ta ce ina ta ga lokaci, ai ita ce mai goge shi.

Wasu da sarƙa da babur suke dawowa. Ita da ɗaurin farin yadi mara ado ta sauka, da magana ɗaya a bakinta: falon gidan nan zai zama ɗakin hutawa. Sai kuma ya zo daidai da lokacin ciko. A unguwarmu ƙasa nutsewa take yi, teku in ya cika sai ya biyo kwata ya shigo har gindin gado, don haka duk bayan 'yan shekaru sai an zuba ƙasa an ɗaga daɓe. Rufi kuwa yana nan inda yake, shi ya sa dogayen mazanmu a sunkuye suke shiga gidajensu. Aka fitar da kaya waje, aka yi ciko, aka shafe da siminti. Da aka zo mayar da kabad sai ya ƙi miƙewa, kansa ya tokari silin.

Las ta yi ƙoƙarin ɓoye murnarta, ba ta iya ba. Ta ce akwai mai sayen tsofaffin kaya a kasuwa. Mbah Kasmirah ta watsa mata harara. Kafinta ya ce to a rage masa ƙafafu da zarto. Nan tsohuwar ta jawo ƙaramar kujera ta zauna a gaban kabad ɗin, a tsakiyar lungu.

"In za ku yanke masa ƙafa, ku fara da tawa."

"Bu, me zai yi da ƙafa? Ina za shi?" in ji Las.

"Inda ke ba ki je ba. Ya riga ki shigowa gidan nan."

Kabad ya kwana ya wuni a lungu cikin tamfol, masu babur suna raɓawa suna tsaki, har mai unguwa ya zo ya roƙi arziki. A ƙarshe Mas Darmaji ne ya hau tsani ya fasa silin daidai kusurwar falo, aka cusa kan kabad ɗin cikin rufi. Las ta ɗauko farin yadinta ta yi masa labule daga sama har ƙasa, ta ce in ba ta gan shi ba, babu shi.

Daga nan gidan bai sake zama lafiya ba. Ta sa aka yi farin fenti, ta ce ya yi kama da asibiti. Aka sa ruwan ƙasa, ta ce ya yi duhu. Ta wanke shinkafa ta kawo wa mai fenti ruwan a kofi, ta ce wannan launin take so, ya yi ta gauraya yana rantsuwa cewa ba zai sake karɓar aikin matan da suka dawo daga waje ba. Kalandu da furanni suka koma ɗakin tsohuwa, talabijin ya koma kicin. Ta shimfiɗa tabarma, ta sa benci na gora gajere, da fitila mai hular takarda, da kasko mai bado da ƙananan kifaye a ciki. Ta faɗaɗa taga ta ɓangaren da iska ke fitowa, iskar ta zo da warin kwata, sai ta jera tukwanen furen yasmin mai ƙamshi a bakin tagar. Matan unguwa suka yi ta zuwa kallo. Wata ta leƙo ta dafe ƙirji, ta tambaya ko ɓarayi ne suka shigo. Wata ta ce in an fara jam'i a sanar da ita, tunda an buɗe sabon masallaci.

Gaskiya ɗakin ya yi kyau. Ran da na fara zama a ciki, ina cikin magana barci ya ɗauke ni. Na farka na tarar Las ta janye bencin daga inda yake, tana tsaye ta riƙe ƙugu tana hararar kaskon. Ba a yin mako ba ta sake wa wani abu wuri ba. Yau fitila ta yi kusa da taga, gobe tabarma ta karkace, jibi labulen ya fi ƙarfin bangon. Mas Darmaji ya ce in ya dawo daga tafiya sallama biyu yake yi, ɗaya ga mutanen gida, ɗaya don ya tabbatar gidan ne.

Da wasa yake faɗa, har aka zo kan tsuntsaye. Las ta ce ƙaiƙayin hatsi da kashinsu suna ɓata mata tabarma, kuma ba a hutawa a ƙarƙashin abin da ke reto. Yana kan hanya ta kwashe kejin duka ta rataye su a waje, ƙarƙashin indararo. Ba ta yi tunanin ɓerayen tasha ba, masu girman kyanwa. Suka biyo katako suka kashe namijin kurciyarsa, wanda ya rena tun yana tsako, wanda maza ke zuwa daga wasu unguwanni don su ji kukansa. Da ya dawo bai ɗaga murya ba. Ya binne shi a cikin tukunyar yasmin, ya ɗora sauran kejin a babur ya kai su gidan abokinsa kusa da gareji, can kuma ya koma yin hutunsa. Sai ya shigo ya ci abinci ya gaida mahaifiyarsa ya fice.

Abin ya ci Las. Ta rame, ta wanke labule ta sake wankewa, amma bakinta bai iya ba da haƙuri ba. Sai ta kira kafinta ta tsaya a kansa, suka yi wata doguwar rumfa a baranda mai ragar waya, da kwano a jikin ginshiƙai yadda ɓera ba zai iya hawa ba. Ta je kasuwar tsuntsaye ta wuni tana tambayar abin da ba ta taɓa damuwa da shi ba, ta sayo wata 'yar kurciya ta sa a ciki. Ya gani, ya ce wannan ai mace ce, mace ba ta waƙa, an cuce ta. Amma washegari ya dawo da keji ɗaya, bayan kwana biyu ya dawo da wani, a haka har suka dawo duka.

Yadda ta fara gyara ɗakunan mutane kuwa, dubiya ce ta kai ta. Mijin maƙwabciyarsu Bu Partinah ya samu shanyewar ɓarin jiki, aka kwantar da shi a falo tsakanin katan-katan na kayan shagonsu. Ba ya barci, ba ya son kowa, kofi ma jifa yake yi da shi. Las ta shiga ta gaishe shi, ta zauna a bakin kujera tana murza hannu. Kafin a kawo shayi ta miƙe. Ta juya gadon ya fuskanci ƙofa, yadda zai ga mai wucewa a lungu, ta sauke madubin da yake ganin karkataccen bakinsa a ciki, ta sa aka kwashe katan ɗin zuwa bayan gida, ta rufe ƙwan fitila da ƙyalle. Bu Partinah ta fito da shayi ta tsaya baki buɗe. Ranar da azahar mutumin ya yi barci har da minshari.

Labari ya bazu. Ungozoma ta kira ta ta gyara mata wurin da masu ciki ke jira. Amare suka fara aiko mata. Har wani mai shagon magani ɗan Sin ya aiko da mota aka ɗauke ta. Wani ya ba ta ɗan abin hannu, wani ayaba, wani ya ji haushi don ta ce kujerun da yake taƙama da su sun yi wa ɗakin yawa. Kullum tana kan hanya da tef na awo a wuya, kamar wadda ta ci ƙafar kare. In ta gama aiki mai gida ya ce ta zauna ta ji daɗin abin da ta yi, sai ta ce ana jiran ta a wani wuri.

Ruwan da ya raba su da gidan da rana tsaka ya zo, ba hadari ba komai. Mun saba ya tsaya a idon sawu, ranar kafin a tattara takalma ya kai ƙugu. Mas Darmaji ya goya mahaifiyarsa, Las ta ɗora keji biyu a ka, suka bi igiyar da samari suka ɗaura har babban titi. Da ruwan ya janye, laka ta kai bakin taga. Kabad ya kife ya dare biyu a kan bencin gora.

Gidana suka dawo, a can tudu, inda ni da mijina muke tun da ya samu koyarwa. Dama gigin tsufa ya fara taɓa Mbah Kasmirah, ruwan ya ƙarasa. Da an yi la'asar sai ta ƙulle kayanta a zani ta nufi ƙofa, wai za ta gida kafin mijinta ya dawo, mutumin da ya rasu tun Mas Darmaji yana yaro. Sau da yawa a bakin titi muke kamo ta. Las ta ce wannan aikinta ne. Ta kwashe komai daga ɗakin baƙi, ta wanke shi tas, ta shimfiɗa tabarma da katifa, ta sa farin labule da reshe ɗaya a kwalba. Muka kawo tsohuwar. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi tabarmar, ta dubi bangon, sannan ta matso kusa da ni ta rage murya.

"Wa ya rasu?"

A wurinmu sai an yi mutuwa ake kwashe ɗaki haka a shimfiɗa tabarmi. Ta ƙi shiga. Ta yafa mayafi ta zauna a dokin ƙofa tana jiran masu ta'aziyya, duk wanda ya wuce ta tambaye shi ko an yi wanka. Las ta sake labule ta sa mai ruwan ganye, ta matsar da katifa, ta cire reshen, ta mayar. Ba abin da ya sake. Tsohuwar ta daina cin abinci, ta ce ba a ci kafin a kai gawa.

Wata safiya Las ta fita ba ta gaya wa kowa ba. Sai bayan azahar ta dawo a bayan a-kori-kura, laka har gwiwa. Ta kawo murfin kabad ɗin mai madubi, da tangaran da suka tsira, da agogo ɗaya da ya tsaya. Ta biya kasuwa ta sayo furannin roba ja da ruwan hoda, mafiya muni da ta samu, ta bi shaguna ta roƙo tsofaffin kalandu. Ta shiga ɗakin tana buga ƙusa, fuska a murtuke. Na tsaya ina kallo.

"Kar ki ce komai, Rum."

Mas Darmaji ya kawo keji ɗaya ya rataya a tsakiyar ɗakin, ta gani ta kau da kai. Da aka kawo Mbah Kasmirah, ta shiga kai tsaye, ta ce wane mara hankali ne ya sa agogo a wannan bangon, a mayar da shi can. Aka mayar. Ta zauna a bakin katifa ta ce a kawo mata shinkafa. Ba wai ta daina ƙulle kaya ba ne gaba ɗaya, amma sau da yawa in ta ƙulle sai ta tsaya goge tangaran ta manta. A ɗakin ta cika, cikin azumin da ya biyo baya, Las ce ta yi mata wanka. Da na ce mata ashe dai tarkace ma na da ranarsa, ta ce ɗakin tsohuwa ta gyara, ba nata ba, kar in kawo mata wa'azi. Amma daga lokacin na lura in an kira ta aiki takan fara tambayar mai ɗaki abin da yake so ya fara gani in ya buɗe ido.

Ninik, wadda take aikin jinya a Batam, ita ta saya musu ɗan fili a Gunungpati, cikin itatuwan rambutan. Las ta tsaya a kan ginin tun daga tushe. Ta kori magini ɗaya, na biyun ya kori kansa, taga ɗaya sai da aka fasa aka toshe aka sake fasawa. Falon da ya fito ya fi duk wanda ta taɓa yi. Hasken safe yana faɗowa a kan tabarma ta cikin ganye, ba abin da kake ji sai tsuntsayen baranda. Mas Darmaji ya ajiye tuƙi, ya zauna a ciki ya yi tumbi. Ita kuwa ta ce shirun yana yi mata ƙara a kunne. Kusan kullum sai ta hau bas ta gangara cikin gari.

Bana gwiwarta ta kumbura, likita ya ce ta huta, ta kuma guji hawa bene. Makon jiya na je duba ta. Na tarar da ita a kujera, ƙafa a kan matashi, da doguwar sandar gora a hannu tana nuna wa mijinta inda zai matsar da benci. Ya matsar, ta ce ya yi yawa. Ya dawo da shi, ta ce ba nan yake ba da. Muna cikin haka wayarta ta yi ƙara. Wata yarinya ce daga gidajen benen gwamnati, ta haifi tagwaye, ɗakinsu ɗaya, yaran ba sa barci, ita ma ba ta yi, tana magana tana kuka. A hawa na biyar take, kuma babu lif.

Mas Darmaji ya tuna mata maganar likita. Ta ce likita bai san tagwaye ba ne. Ya dube ni, na dube shi, ya je ya ɗauko mata takalmi.

Da muka isa benen, ni na riƙe mata jaka. Muna hawa muna tsayawa, tana dafa bango tana kushe fentinsa. A hawa na uku numfashi ya gagare ta, ta zauna a kan matakala, gumi yana zuba. Na ce mu huta sosai, ba mai korar mu. Ta gyaɗa kai. A gefenta akwai tarin takalman mutanen wani gida, an watsar da su a bakin ƙofa, manya da ƙanana. Ta dube su na ɗan lokaci, sannan ta miƙa hannu ta fara haɗa su ƙafa da ƙafa tana jerawa a jikin bango. Daga sama muna jiyo kukan jariran, ɗaya na yin shiru ɗaya na ɗauka. Ta ajiye silifa na ƙarshe, ta kama hannuna ta miƙe, ta ce in tuna mata ta tambayi yarinyar ta wane ɓangare rana ke shigo musu.